Iskar gas daga kashin tsutsa: tambayoyin da masu kiwon ƙudan soja suka fi yi

Kiwon tsutsar baƙin ƙuda, wanda aka fi sani da ƙudan soja, ya fara samun gindin zama a wurin masu kaji da masu kifi, musamman tun da waken suya da garin kifi suka yi tashin gwauron zabi. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta daɗe tana bincike a kansa, cibiyar binciken noma ta IITA kuma ta kai aikin Nijar da Ghana da Mali. Duk wanda ya shiga kiwon, ba ya wata biyu sai ya ga baƙin gari, wato kashin tsutsar, ya taru a bayan rumfa. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi yadda ake mayar da wannan gari iskar gas ta girki. Lissafin da ke ciki na tankin gida ne da na ƙaramar gona.

1. Mene ne kashin tsutsa, kuma da gaske yana ba da gas?

Shi ne abin da ke saura a faranti bayan an rairaye tsutsa a kwana na 10 zuwa 14. Ba kashi zalla ba ne. Akwai ragowar abincin da tsutsar ba ta ci ba, da fatar da take saɓulewa duk lokacin da ta ƙara girma, da 'yan matattu. Idan aka dama shi da ruwa aka rufe a tankin da iska ba ta shiga, ƙwayoyin bakteriya suna ruɓar da shi mataki-mataki. Rukunin farko suna mayar da shi tsami, na ƙarshe kuma suna cin tsamin su fitar da iskar metan, wadda ita ce ke kama wuta. A gas mai kyau, metan takan kai kashi 55 zuwa 65 cikin 100, sauran kuma galibi irin iskar da muke fitarwa ne in mun yi numfashi, wadda ba ta ci da wuta.

2. Ba tsutsar ta riga ta cinye amfanin da ke ciki ba?

Ta ci mafi daɗin, amma ba ta cinye ba. Tsutsa tana farawa da mai da sitaci da sukari da furotin, waɗanda su ne kuma suka fi ba da gas, ta bar ɓawo da zaruruwa masu wuyar narkewa. Shi ya sa idan ka kwatanta buhun sharar kasuwa da aka zuba wa tanki kai tsaye da wanda ya fara bi ta bakin tsutsa, gas ɗin na biyun bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na na farkon ba.

Wannan ba asara ba ce, don abin da ya ragu a gas ya koma naman tsutsa, wanda ya fi gas daraja nesa ba kusa ba. Sai dai a san matsayin kowa. Tsutsa ita ce sana'ar, gas kuma gyara ne a kan ciniki. Wanda ya gina tanki da tunanin gas ne zai riƙe gonar, lissafinsa ya karkace tun daga tushe.

3. Kilo ɗaya na kashin yana ba da gas lita nawa?

Gwaje-gwajen da aka yi a ɗakunan bincike na Turai sun nuna kimanin lita 170 zuwa 300 na metan daga kowane kilo na sashen da ke iya ruɓewa, gwargwadon abin da tsutsar ta ci. Kashin tsutsar da ta ci ragowar abincin mutane yana sama, na wadda ta ci kashin dabbobi yana ƙasa.

A mayar da shi lissafin gona. Ɗanyen kashin da aka rairaye yau, kusan rabinsa ruwa ne. Daga rabin da ya rage, kashi 80 cikin 100 ne ke ruɓewa, sauran toka ce da ƙasa. Ke nan kilo ɗaya yana ɗauke da giram 400 na abincin bakteriya. Tankin gida ba ya tatse shi kamar kwalbar ɗakin gwaji, don haka a sa ran lita 80 zuwa 100 na gas. Ɗanyen kashin shanu lita 35 zuwa 40 yake bayarwa, amma kada hakan ya ruɗe ka: kashin shanu kashi 80 cikin 100 ruwa ne. In aka cire ruwan, tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba.

4. Zan iya ciyar da tanki da kashin tsutsa shi kaɗai?

Zai yi aiki na 'yan makonni, daga nan gas ya fara ja da baya. Dalili shi ne naitirojin. Bakteriya sun fi son abincin da kabon ɗinsa ya ninka naitirojin sau 20 zuwa 30, kashin tsutsa kuwa sau da yawa yana ƙasa da haka, musamman in an ciyar da ita kashin kaji, ko dusar awara, ko sharar mayanka. Rarar naitirojin tana zama amoniya, abin nan mai zarni da ke sa hawaye a ɗakin kajin da aka daɗe ba a share ba. Da zarar ta doshi giram 3 a kowace lita, masu yin metan sun fara shan wuya. Ga shi kuma kashin tsutsa ba mai tsami ba ne, ma'auninsa na pH, wato ma'aunin tsami, yakan kai 8 ko ya wuce, kuma a irin wannan yanayi ne amoniya ta fi dafi.

In babu yadda za a yi sai shi kaɗai, a tsinka shi sosai, kilo ɗaya ga ruwa lita 5 ko 6, a kuma riƙa lura da alamomin da ke tambaya ta 12.

5. Da me ya kamata a haɗa shi, kuma nawa-nawa?

Abokin haɗi na farko shi ne ɗanyen kashin shanu. Yana kawo sabbin bakteriya kullum, kuma yana danne tsami da zarni. Haɗin da ke tafiya lafiya a rana: kashin tsutsa kilo 8, kashin shanu kilo 20, ruwa lita 65 zuwa 70. Wannan yana ba da kusan lita 95 na dami mai kauri kamar kunun tsamiya, wato busasshen abu kashi 8 zuwa 9 cikin 100. In ka tsoma sanda ka ɗaga, ya lulluɓe ta amma ya zuba. In ya tsaya kamar fura, ruwa bai isa ba.

Inda shanu suka yi nisa, abin da ake zubarwa daga tumbi a kwata yana maye gurbinsu. Ana iya ƙarawa da ɗan ruwan gasara, ko ɓawon rogo da aka niƙa, ko ruɓaɓɓen tumatir da kankana. Waɗannan suna da kabon mai saurin narkewa da ke daidaita naitirojin, amma suna saurin tsami, don haka kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na abincin rana. Kashin kaji kuwa ba abokin haɗi ba ne, ƙara wa Barno dawaki ne.

6. Ɗanye ake zubawa ko sai ya bushe?

Ɗanye, a ranar da aka rairaye ko washegari. Kashin da aka tara a tsibi yana ɗaukar zafi cikin kwana biyu zuwa uku. Sa hannu a ciki ka ji: wannan ɗumin gas ɗinka ne ke tafiya a banza, don wasu bakteriya masu amfani da iska sun riga naka cin abincin. Wanda aka shanya kuma yana yawo a saman ruwa ya zama ɓawo.

Tunda girbin tsutsa ba kullum ake yi ba, tanki kuwa kullum yake son ci, sai a dama kashin da ruwa a duro mai murfi, a riƙa ɗiba har kwana huɗu ko biyar. Busasshe kuma a jiƙa shi ya kwana. Bayan an dama, a bar shi minti goma yashi ya kwanta kafin a buɗe mashiga. Sharar da aka kwaso daga ƙasa tana zuwa da yashi, shi kuwa ba ya ruɓewa, cika gindin tanki kawai yake yi.

7. Yaya ake lissafa girman tanki?

A ninka damin rana da kwanakin da zai yi a ciki. A ƙasa mai zafi kwana 40 sun isa. Da haɗin tambaya ta 5, lita 95 sau 40 ya ba da lita 3,800. A ƙara wajen kashi ɗaya cikin huɗu don wurin taruwar gas, ya zama tanki mai lita 5,000. Gas ɗin da zai bayar a rana kusan lita 1,400 ne, 700 daga kashin tsutsa, 700 daga na shanu. Kan risho ɗaya yana shan lita 350 zuwa 400 a awa, ke nan girkin awa uku da rabi zuwa huɗu.

Mai son gwaji da duro mai lita 200 ya sani cewa lita 4 kawai zai riƙa zubawa a rana, wato giram 350 na kashin tsutsa, giram 800 na kashin shanu da ruwa lita 3. Gas ɗin bai wuce lita 60 ba, wutar minti goma. Ya isa dafa shayi da koyon aiki, bai isa tuwo ba.

8. Wane irin tanki ya fi dacewa?

Uku ne aka fi gani. Akwai ginannen bulo da siminti a ƙarƙashin ƙasa mai rufin tulluwa, wanda ke shekara 15 zuwa 20 in magini ya san aikinsa, irin wanda shirin gwamnatin Burkina Faso ya yaɗa a ƙauyuka. Akwai tankin roba biyu, ƙarami a kife cikin babba, yana ɗagawa in gas ya taru. Akwai kuma doguwar jakar leda mai kauri da ake kwantarwa a rami, wadda ta fi araha amma rana da ɓera da kofaton akuya ba sa raga mata.

Ga kashin tsutsa, abin da ya fi nau'in tanki muhimmanci shi ne a iya motsa cikinsa a kuma iya kwashe ɓawo (duba tambaya ta 11). Bututun mashiga kada ya gaza inci 4. A Najeriya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe a harkar irin waɗannan tankuna.

9. Yaya ake tayar da sabon tanki?

Ba a farawa da kashin tsutsa. A cika tankin da kashin shanu da ruwa daidai wa daida, a zuba ruwan wani tanki da ke aiki in an samu, ko da kashi ɗaya cikin goma ne. A rufe, kada a ƙara komai. Cikin mako biyu zuwa huɗu gas zai taru. Cikar farko da ta biyu a sake su a sarari, nesa da wuta, don suna gauraye da iskar da ta maƙale a tanki, metan kuwa in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 a iska, fashewa take yi. Daga ta uku a gwada a kan risho.

In wuta ta kama shuɗiya kwana uku a jere, a fara ciyarwa da kashin shanu. Bayan mako guda a shigo da kashin tsutsa kilo 1, a riƙa ƙara kilo 1 ko 2 duk mako har a kai adadin da ake so. Bakteriya suna sabawa da amoniya in an bi su a hankali. In aka antaya musu gaba ɗaya, sai tankin ya kwanta.

10. Me bai kamata ya shiga tanki ba?

Ɓuntun shinkafa da garin katako su ne kan gaba. Masu kiwo da yawa suna barbaɗa su a faranti kafin girbi don abincin ya tsane a samu sauƙin rairaya. Ga rariya dabara ce mai kyau, ga tanki kuwa masifa ce, don ba sa ruɓewa, ko su taso sama ko su toshe mafita. In kashin na tanki ne, a tsane da dusar masara ko ta alkama.

Sai ruwan da aka wanke faranti da omo ko bilic, da kashin kajin da ake ba maganin rigakafin bakteriya a makon, da abinci mai gishiri da yawa. Ɓawon lemo ma haka, don man da ke cikinsa yana kashe bakteriya. Mai ɗauko shara daga kasuwar 'ya'yan itace irin 'Yan Lemo ta Kano sai ya tsince shi tun kafin ya kai wa tsutsa.

11. Matattun tsutsa da kwanson da ƙuda ya fita fa?

'Yan kaɗan da suka tsere wa rariya ba damuwa. Amma in faranti ya lalace, tsutsa ta mutu da yawa saboda zafi, kada a juye shi duka a rana ɗaya. Tsutsa cike take da furotin da mai, kuma man nata irin na kwakwa ne, wanda aka san yana danne masu yin metan. A raba shi kwana goma.

Kwanso da fatar tsutsa an yi su ne da wani abu mai tauri da ke ɗaukar watanni bai narke ba. Suna tasowa su haɗu da zaruruwa su yi ɓawo mai kauri da ke hana gas fita. Kwanson ɗakin ƙuda a kai shi ramin taki. A riƙa motsa tankin minti biyu zuwa uku kullum bayan ciyarwa. Sannan a rufe bakin mashiga da mafita da raga mai ƙananan ido, in ba haka ba ƙudan gonarka ne zai zo ya yi ƙwai a wurin.

12. Gas ya ragu ko ya daina kama wuta. Ta ina zan fara?

Fara da yoyo, don shi ne ya fi yawa. Shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Sai a duba ko ruwa ya kwanta a tiyo (tambaya ta 14). In duk lafiya, ɗebo ruwan mafita ka sansana, ka kuma tsoma takardar auna pH, wadda ake samu a shagon kayan ɗakin gwaji. Lafiyayyen tanki yana tsakanin 6.8 da 7.6, warinsa kamar laka.

In yana warin tsami kamar ƙullun da ya kwana biyu, ma'auni ya sauka ƙasa da 6.5, gas yana da yawa amma ba ya ci, to an cika masa ciki. A daina ciyarwa kwana biyar zuwa bakwai, a zuba damin kashin shanu kawai. In bai farfaɗo ba, a jiƙa farar ƙasa gwangwanin madara ɗaya a bokiti ga kowace lita 1,000, a zuba, a sake aunawa washegari.

In kuwa zarni ne ke dukan hanci, ma'auni ya haura 8, to amoniya ce, kuma maganin tsami a nan guba ne: kada a kuskura a sa farar ƙasa ko toka. A zubar da kashi ɗaya cikin biyar na ruwan tankin, a cike da kashin shanu da ruwa, a rage kashin tsutsa rabi, a kuma daina dama abinci da ruwan mafita. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wani lokaci tsami da amoniya suna haɗuwa su kashe wa juna kaifi, takarda ta nuna 7.5 alhali gas yana raguwa mako bayan mako. Wannan ma amoniya ce, a bi ta da wannan magani.

13. Me hunturu da zafin bazara ke yi wa tanki?

Bakteriyar sun fi aiki a digiri 30 zuwa 38. A Disamba da Janairu, lokacin da daren Kano ko Maraɗi ke sauka ƙasa da digiri 15, tankin da ke sarari yana iya rasa rabin gas ɗinsa. A rage abinci gwargwadon raguwar gas, don wanda ya ci gaba da zubawa kamar da, tsami zai tara. A dama da ruwan da ya sha rana, a ciyar da la'asar, a lulluɓe tankin da kara ko a yi masa rumfar farar leda. Na ƙarƙashin ƙasa bai cika jin sanyin ba.

A Afrilu kuwa baƙin tankin roba da ke cikin rana yana wuce digiri 40 da azahar ya sauko da dare. Wannan hawa da sauka yana wahalar da bakteriya, zafin kuma yana ƙara wa amoniya dafi. A yi masa inuwa.

14. Me ke sa warin bara-gurbi, kuma me ya sa wuta ke tsalle?

Warin daga iskar farar wuta ne, wadda ke ƙaruwa in abincin yana da furotin da yawa. Tana cin ƙarfe, kuma in ta taru guba ce mai kisa. A cusa soson ƙarfe mai tsatsa a guntun bututun PVC mai tsawon rabin mita, gas ya riƙa bi ta ciki. In soson ya yi baƙi a canza, a kuma baza tsohon a sarari, don yana ɗaukar zafi in ya sha iska. Kada kowa ya shiga cikin tanki ko ya zura kai, ko da an kwashe shi.

Tsallen wuta da ƙarar ɓul-ɓul a tiyo ruwa ne. Gas yana fitowa da tururi, ya huce ya kwanta inda tiyo ya lotsa. A sa kwalbar tarar ruwa a wuri mafi ƙasa. Rishon gas na silinda kuma ramin jet ɗinsa ya yi ƙanƙanta, sai an buɗa shi zuwa wajen milimita 2 an kuma rage mashigar iska.

15. Gas ɗin zai isa busar da tsutsa ko tayar da janareta?

A ƙiyasi, shara kilo 100 tana ba da tsutsa kilo 15 zuwa 20 da kashi wajen kilo 30, wanda zai ba da gas kusan lita 2,700. Ɗanyar tsutsa kashi biyu cikin uku ruwa ce, kuma a tanda ta gida busar da kilo ɗaya yana cin lita 200 ko fiye. Ke nan kashin shi kaɗai yana ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin busarwa, kason shanu ya cike sauran. Tafasa ruwan da ake tsoma tsutsa kafin shanya, da ɗumama ɗakin ƙyanƙyasa a hunturu, su ne suka fi dacewa da shi.

Ƙaramin janareta yana shan kusan lita 1,000 kafin ya ba da yunit ɗaya na lantarki, kuma sai an tace farar wuta tas. Ɗura shi a silinda kuwa ba ya yiwuwa yadda ake yi da gas ɗin kanti, don metan ba ta zama ruwa a zafin gari komai matsin da aka yi mata. Ana ajiye shi ne a jakar roba ko tub ɗin tayar babbar mota.

16. Ruwan da ke fitowa daga tanki, zan iya mayar wa tsutsa?

Ba ta girma a kansa, don abin da ya saura bakteriya sun gama da shi. Tsarin shi ne tsutsa tukuna, sannan tanki, sannan gona. A matsayin taki kuwa yana da ƙarfi, don sinadaran da shuka ke so ba su bi gas sun tafi ba, naitirojin ɗin ma ya koma irin wanda saiwa ke sha nan take. A tsinka shi da ruwa ninki biyu ko uku, a zuba a gindin shuka da yamma, a ja ƙasa a rufe. In aka bar shi a buɗaɗɗen rami yana shan rana, naitirojin ɗin yana bin iska.

Zafin tankin gida bai isa kashe ƙwan tsutsar ciki ba. Kada a zuba wa latas ko kabeji ko wani abin da ake ci ɗanye. A Tarayyar Turai ma, tun 2021 doka ta ce sai an gasa kashin ƙwari a digiri 70 na tsawon awa ɗaya kafin a sayar da shi a matsayin taki.

17. Wanne ya fi riba, sayar da kashin a buhu ko yin gas?

Ya danganta da inda gonarka take. Busasshen kashi yana shiga buhu ya hau mota, ruwan tanki kuwa lita 95 a rana sai da gona ko lambu a kusa. Wanda ke cikin gari kuma yana da masu sayen taki, ya sayar da mai kyan, ya ba tanki abin da ba ya sayuwa, wato farantin da ya jiƙe ya ƙi rairayuwa, da ruwan da ke tsatsafowa daga shara, da ruwan wankin faranti marar sabulu, da rarar sharar da ta fi ƙarfin tsutsa.  Wanda ke da shanu da lambu a gefe, kuma yana sayen itace ko gawayi don busar da tsutsa, shi ne tankin ya fi yi wa rana. Cibiyar Songhai da ke Porto-Novo a Jamhuriyar Benin ta daɗe tana haɗa kiwon tsutsa da tankin gas da noma a wuri ɗaya.

18. Kashin gyare da na tsutsar gari da na ƙudan gida fa?

Duk suna ba da gas. Kashin gyare da na tsutsar gari, wato wadda ke rayuwa a garin hatsi da dusa, a bushe suke fitowa kamar tsaki, don haka kilo ɗaya yana son ruwa lita 9 zuwa 10, kuma sai an jiƙa ya kwana. A tsince guntayen kwalin ƙwai da gyare ke ɓuya a ciki. Su ma naitirojin ɗinsu yana da yawa, dokar tambaya ta 4 da ta 5 ta hau kansu. Tsutsar ƙudan gida kuwa kwana huɗu zuwa biyar take yi a kan abinci, ba ta kai ga cinye shi sosai, saboda haka ragowarta tana kusa da asalin abin da aka zuba mata. In kashin kaji ne, a ɗauke ta a matsayin kashin kaji, a tsinka sosai a haɗa da na shanu.